Murucin Kaka a Gonar Al-Awali

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a nan Madina ba, na taɓa shuka giginya a cikin gonar dabino. Duk wanda na ba wa labarin sai ya gama dariyarsa tukuna, sannan ya tambayi dalili.

Dalilin kuwa kakar matata ce. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, suka bi ta Cadi da Sudan, a yi tafiya a tsaya a yi noma, har Allah Ya kawo su Makka, daga baya Madina. Ba ta sake komawa ba. 'Ya'yanta da jikokinta duk a nan aka haife su, ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Da na auri jikarta sai ta samu abokin hira. Ranar Juma'a bayan la'asar mukan je gidanta a unguwar Harra ta Yamma, ta sa a kawo shayi, ta ce, "Matso nan, Bahaushe, ba ni labarin gida."

Wata Juma'a tana cikin hira sai ta ce, "Wai har yanzu ana cin muruci?"

Matata ta ce, "Mene ne kuma muruci, ya Sitti?" Haka jikokin ke kiranta.

Na ce mata ƙwallon giginya ake binnewa, in ya tsiro ya yi saiwa mai kauri sai a tono a dafa. Kaka ta ce rabonta da shi tun kafin ta fara ɗaura zane. Ba ta roƙe ni ba, faɗa kawai ta yi, amma maganar ta zauna min a rai.

Hutuna ba ya dacewa da lokacin muruci. Wani abokina ya taɓa taho min da dafaffe, kafin ya iso ya yi yauƙi ya lalace. Don haka da na je gida na taho da 'yan ƙwallaye. Kawun matata, ɗan Kaka, yana da ƙaramar gona a Al-Awali, na roƙe shi ya ba ni gefe. Ya juya ƙwallon a hannu ya ce, "Ya Ustaz, nakhla ce wannan ko dutse?" Dabino yake nufi da nakhla. Na ce 'yar'uwar dabino ce, sai dai ta fi shi tsawo. Ya ce bismilla, ga ƙasa nan.

Ni duk tunanina zafi giginya take so, Madina kuwa ba ta rasa zafi ba. Na manta da sanyinta. Da lokacinsa ya shigo, iskar nan mai yanka kunne ta fara kaɗawa, ƙasa ta ɗauki sanyi ta riƙe. Ni kuma ban rage ban ruwa ba. Da na ga shiru ya yi yawa na tono ɗaya in duba, sai wari. Na tono na biyu, shi ma ya ruɓe. Sauran na lulluɓe su da leda da buhuna, har tsohon bargon ɗakinmu na ɗauko. Kawu ya same ni ina gyara bargon a kan ƙasa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko jaririnsa bai yi wa haka ba.

Shuka ɗaya ce ta tsira, wadda ke jikin katanga inda rana ke daɗewa. Da ɗumi ya dawo na je wata safiya na tarar da ɗan kore ya huda ƙasa, tsaye kamar bakin mashi. Na tsuguna a gabansa na daɗe. Daga ranar ban sake tunanin tukunya ba. Ina hango giginya ta miƙe ta wuce duk dabinon Al-Awali, masu wucewa suna ɗaga kai suna tambayar wa ya shuka.

A wannan tsakanin jikin Kaka ya fara ƙi. Ranar da ta ɗan samu sauƙi na ba ta labarin shukar, ta ce a kai ta ta gani. Muka ɗauke ta a mota, Kawu ya turo ta a kujera mai taya har jikin katangar. Ta sunkuya ta duba ganyen.

Ta ce, "Ya isa. Tono."

Na ce, "Kaka, ai in an tono ta mutu ke nan. Ita kaɗai ta rage. In aka bar ta, bishiya za ta zama."

"Yaushe?"

Na ce da sauran shekaru.

Ta ce, "Kai kanka da sanda za ka zo ganinta, Bahaushe. Muruci na tambaye ka, ban ce ka shuka min inuwa ba."

Kawu ya miƙo min fartanya ya ce, "Khalas, ya Ustaz, uwata ta yi magana."

Na yi ta tono, don ya yi nisa a ƙasa, ina yi ina jin kamar haƙorina nake cirewa. Da ya fito ma ɗan siriri ne, wanda a gida mai talla za ta ba ka gyara. Matata ta dafa shi a ɗan murhun gas na gonar. Kaka ta ɓare shi da kanta, ta tsaga, ta zare tsinken tsakiya, duk ba ta duba hannunta ba. Ta shinshina. Ta gutsiri kaɗan ta sa a baki tana mamula, don haƙoran sun ƙare. 

Can ta ce, "Na da ya fi garɗi." Muka fashe da dariya, har da ita.

Sai kuma ta ce yayarta ce ke tono mata. Kawu ya ɗago kai. Shi a saninsa uwarsa ba ta da 'yar'uwa. Ta ce tana da ita, zazzaɓi ya kama ta a hanya, a wani gari cikin Sudan suka binne ta, washegari ayari ya tashi. Mahaifiyarsu ba ta sake ambaton sunanta ba, ita ma sai ta bi sahu. Kawu, mutum mai furfura, ya tsuguna a gaban kujerar, ya tattaro 'yar Hausar da yake da ita ya ce, "Inna, yaya sunanta?" Ta faɗa masa. Ya maimaita. Har aka kira magariba tana ba da labari, murucin yana hannunta.

Ba ta kai wani sanyin ba ta rasu, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Jikar da aka haifa wa Kawu bayan nan sunan yayar aka sa mata.

Nakan tuna yadda na tsaya ina jayayya da tsohuwa a kan ganye ɗaya. Niyyata ba mummuna ba ce, sai dai a cikin watannin nan abin ya tashi daga nata ya koma nawa ban lura ba. Tun daga lokacin, in zan yi wa mutum alheri nakan tsaya in sake tambayar kaina abin da shi ya nema, musamman tsofaffi, waɗanda ba su da lokacin jiran manyan shirye-shiryenmu.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya jiƙan yayarta da ke kwance a garin da har yau ba mu san sunansa ba.