Ranar da Gwaggo Ta Daina Gyara

Shekara ashirin da shida Gwaggona ta yi tana buga takardu a sashen lissafi na jami'a, cikin wani ɗan ofis mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Ko sakandare ba ta gama ba, amma duk aikin wani Farfesa na sashen ta hannunta yake bi.

Shi bincikensa a kan yadda saƙo zai gyara kansa ne: a tura sifili da ɗaya ta waya, wani ya lalace a hanya, na'ura ta gano shi ta mayar daidai. Jadawalin sifili da ɗaya yake jibgo mata shafi-shafi, da rubutu kamar tonon kaza. Tun shekarar farko ta lura cewa in ka ƙirga ɗaya-ɗayan da ke kowane layi, sai sun rabu biyu cif. Layin da ya ƙi, sai ta bi jerin tsaye su ma ta ƙirga, ta kamo wanda ya kauce, ta gyara, ta ja bakinta ta yi shiru. Shi kuwa gogan ya ɗauka hannunsa ne ba ya kuskure.

Da aka zo rage ma'aikata, sunanta Farfesa ya fara miƙawa. Ƙofarsa a buɗe ya gaya wa shugaban sashe cewa kwafa kawai take yi, ba aikin da ke buƙatar kai ba ne. Tana jinsa. Har yau in na tuna, raina tafasa yake yi.

Aikinta na ƙarshe shi ne babbar takardar da zai gabatar a taron masana. Ta buga masa ita tsaf yadda ya rubuta, ko ɗigo ba ta taɓa ba. A taron, gaban mutum ɗari uku, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta nuna masa kuskure a layi na sha bakwai. An ce sai da zufa ta jiƙa masa riga.

Bayan sati ya zo har gida, ya same ta tana ninke wanki. Ko gaisawa bai tsaya yi ba, ya ce ta ɓata masa aiki. Ta ɗauko rubutun hannunsa ta miƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa, ga kuskuren nan a rubutunsa.

"Kin gani ke nan?" in ji shi.

"Na gani, ranka ya daɗe. Akwai ma wasu biyu, mutanen taron ba su kai kansu ba tukuna."

Ya tambaye ta a wane shafi suke.

"Ai kai ne Farfesa," ta ce, ta jawo wani zanen ta ci gaba da ninki.