Taƙi Ɗaya da Yatsa Huɗu a Bangon Hajiya Hasiya

Tun da aka kafa Malanbil a bakin kogi ba a taɓa jin gobara ta tashi a gidan da Issaka ya ja wa wayar intanet ba. Shi da kansa yake faɗin haka, kuma gaskiya ne. Gidajen goma sha ɗaya ne, uku daga ciki ba a yi musu rufi ba tukuna.

Issaka mutumin Gene ne. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har inda ƙarfin gidansu ya tsaya, sannan ya tafi Paraku ya koyi ɗora farantin talabijin a kan rufi. Da zamani ya juya, sai ya koma jan kabul, wayar nan mai ruwan toka da ke kai rezo, wato intanet, ɗaki-ɗaki. Ya dawo da jakar kayan aiki da ƙa'ida guda: wayar wuta da wayar rezo ba sa kwana a bututu ɗaya. Tsakaninsu sai an bar taƙi ɗaya da yatsa huɗu. Yana da ma'auni a jaka, amma tafin hannunsa yake buɗewa a jikin bango, ya ce shi ba ya ɓata. Dalilinsa biyu ne. Wuta tana sa rezo in'ina. Kuma ranar da zafi ko ɓera ya cinye robar waya, wutar za ta bi kabul ta fito a hannun wanda ke taɓa na'ura.

A garin kuwa akwai yadda ake yi. Magini yana sara hanya ɗaya a bango, domin hanya biyu aiki biyu ce. Mai wuta ya zo ya kwantar da bututunsa. Mai rezo ya zo ya tarar da ɗan fili a ciki, ya gode wa Allah ya zura tasa. In ka tambayi wa ke da alhakin raba su, magini ya nuna mai wuta, mai wuta ya nuna mai rezo, mai rezo ya nuna mai gida, wanda yake kasuwa lokacin. Babu maƙaryaci a cikinsu.

Issaka ya rasa ayyuka da yawa a kan taƙinsa, bai damu sosai ba. Yana da mata, Zeinabu, da 'ya'ya huɗu, da babur mai tashi in an tura shi. Gida na goma sha biyu ne ya zo masa da abin da ba a koyar a Paraku.

Gidan surukarsa ne, Hajiya Hasiya, mai sayar da shinkafa a babbar kasuwa. Shekara bakwai tana gininsa. Jikoki sun ce gida ba wifi kango ne, ta aika a kira mijin 'yarta. Shekara goma sha biyar da auren, Issaka bai taɓa faɗa mata abin da ya wuce gaisuwa ba. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, ido a kan tabarma. Ita ma ba ta kama sunansa, "mutumin Gene" take cewa.

Wanda ya ja wutar gidan autanta ne, Na-Allah, ƙanin Zeinabu, wanda al'ada ta ba shi izinin tsokanar mijin yayarsa, shi kuma bai taɓa barin izinin ya lalace ba. Shi ya tarbi Issaka a sabon falo, bango ya sha shuɗin fenti, saura kwana tara walimar tarewa.

"Injiniya! Na rage maka wahala. Ga bututu nan, na bar maka wuri. Zura kawai."

Issaka ya leƙa. "Wanga bututu da wuta ciki."

"To da mi kake so ciki, fura?"

"Sai an sara wata hanya."

"A bangon Inna? Kai da ko ruwa ba ka iya sha gabanta?" Na-Allah ya yi dariya har ya dafa ƙofa. "Shiga ka gaya mata. Ni zan riƙe maka takalmi."

Issaka ya koma gida ya ɗora wa Zeinabu saƙo. Ta kai. Amma Zeinabu 'yar gidan ce, kuma Na-Allah a bayanta ya yi wayo. Saƙon ya fita a matsayin "sai an fasa bango", ya isa a matsayin "ya ce fentin ya yi kyau ƙwarai". Hajiya ta aiko masa da kwaryar shinkafa. Ya sake aikawa cewa ana iya bin saman bango da farar kwata ta roba, ba sai an fasa ba. Wannan saƙon ya isa lafiya, amsa ta dawo cewa falonta ba ofishin duwan na 'yan kwastan ba ne.

Ya kwana biyu yana juya abin. In ya zura kabul ya yi shiru, babu mai sani sai shi. In ya janye daga aikin, wani zai zura, kuma 'ya'yansa ne za su kwanta a falon suna latse-latse. Rana ta uku bayan la'asar ya je sabon gidan, ya cire takalmi ya durƙusa nesa da tabarmar Hajiya. Na-Allah na gefe yana cin gyaɗa. Issaka ya gaishe ta, sannan ya juya ga Na-Allah, domin a wurin shi kaɗai Issaka yake da ikon kallo.

"Ce wa Inna wayar wuta da ta rezo suna bututu guda."

Na-Allah ya daina tauna. Hajiya tana taku uku da su, kunnenta kuma yana jin faɗuwar ƙwayar shinkafa a kan ma'auni. Duk da haka ta jira, domin haka al'ada take.

"Inna, shina cewa… wayoyi sun ɗan yi kusa."

"Ce mata wuta na iya bin kabul ta kama yaro."

"Shina cewa wai… in an yi rashin sa'a."

Hajiya ta dubi ɗanta. "Tambayi mutumin Gene, laifin wa ne?"

Na-Allah ya yi wuf ya ce, "Magini ne, Inna. Hanya guda ya sara."

"Ban ce ka amsa ba. Cewa na yi ka tambaya."

Na-Allah ya juya. "Wai laifin wa ne, Yaya?" Rabon da ya kira shi Yaya tun ranar ɗaurin aure.

Issaka ya dubi tabarma. "Ce wa Inna magini bai san rezo ba. Kai ma wutarka ta yi daidai, na duba. Wanda ya zo ƙarshe ya gani ya yi shiru, laifin nashi ne. Ni na zo ƙarshe."

Wannan Na-Allah ya isar da shi kalma-kalma, har da ƙarin murya a wurin da aka ce wutarsa ta yi daidai.

Hajiya ta daɗe tana kallon bangonta ta ƙofa. Sannan ta ce, "Ce mashi ya fasa. Kai za ka riƙe guduma. Kuma in na ga tabo ranar walima, ku biyun a waje za ku ci tuwo."

Kwana huɗu suka yi. Na-Allah na sara yana cewa tafin hannun mutanen Gene ya fi na kowa faɗi, da gangan ne. Issaka na bin sa yana aunawa. Inda dole wayoyin su haɗu, ya gicciya su kamar mararraba, kowace ta wuce abinta. Aka yi yaɓe, aka sake fenti. Shuɗin bai zo ɗaya ba sarai, amma Zeinabu ta sa aka jingina kabad a wurin, suka ci tuwonsu a ciki tare da kowa.

Tun daga nan Na-Allah yake sa magini ya sara hanya biyu, yana gaya wa masu gida dabararsa ce. Issaka bai musa ba. Hajiya kuwa, in hira ta kawo a kasuwa, takan ce mutumin Gene ya san aikinsa, kuma ana kawo masa labari.

Kabul ɗin yana nan cikin bututunsa shi kaɗai, taƙi ɗaya da yatsa huɗu daga wuta. Shekara biyu ke nan, layin intanet bai iso unguwar ba.