Ƙarshen Labarin Yana Wajen Inna Delu

Kakata Iya Mairo ba ta ƙyasta ashana muddin akwai hayaƙi a gidan maƙwabta. Ba rowa ba ce, ko da yake rowar ma tana da ita daidai gwargwado. Cewa take ɗiban wuta gaisuwa ce. Ka ɗauki kasko ka leƙa gidan wata, ta zuba maka garwashi, kafin ka juyo ka san wa ya kwana da zazzaɓi, wa kuma bai ɗora tukunya ba. A unguwarmu ta Ɗanzomo, lokacin ina 'yar shekara tara, haka mata suke sanin halin juna.

Da an idar da sallar magariba Iya kan hura wuta a tsakar gida, ta jefa ɗanyen ganye don hayaƙin ya kori sauro, mu kuma yaran unguwa mu kewaye ta. Tana da irin tata buɗewar. "Ga wata nan tafe, ta sha rana, wa zai ba ta wurin zama?" Mu haɗa baki, "Ta zauna mu ji ta!" Ni take kira ƙawata, kuma ni take fara zagi in an yi surutu, ko ba ni na yi ba. Ina son matar nan, son da har yau ban yi wa kowa irinsa ba.

A bayan dangarmu akwai Inna Delu, mai daddawa. Daga Damagaram aka auro ta tun kafin a haifi mahaifina. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, danginta na can kuma duk sun ƙare. A daminar nan wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana sambatu, sai aka ce an ji ya ambaci sunanta. Yaron da kullum ake aika sayen daddawa gidanta, sunan wa zai ambata? Amma ba wanda ya yi wannan tambayar. Aka ce mayya ce, ta kama kurwarsa. Aka jawo ta gaban jama'a aka sa ta tsallaka shi, ta tsallaka tana kuka, washegari yaron ya cika.

Ba a doke ta ba. Abin da aka yi mata ya fi duka. Aka daina sayen daddawarta, aka daina amsa sallamarta, in ta nufi rijiya mata su janye gugansu. Ba mai ɗiban wuta a gidanta, ba mai ba ta. Liman ya faɗa a masallaci cewa wannan zato zunubi ne, maza suka gyaɗa kai, suka koma gida suka ja wa 'ya'yansu kunne kada su bi ta ƙofarta. Ƙarshe mai unguwa ya aika mata cewa da an gama yankan gero ta tattara ta tsallaka iyaka, ta koma inda ta fito. Saura kamar mako uku a fara yanka.

A cikin kwanakin ne Iya ta kawo mana wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Wai a wani gari akwai wata mata da kazarta ta wayi gari ta yi cara irin ta zakara. Mutanen garin suka ce ai wannan ba banza ba, matar ce da mugun abu. Suka kore ta can kan wata jigawa a bayan gari, ita da kazar, suka yi rantsuwa ba mai ƙara yi mata magana. Ana nan sai ruwa ya ɓalle, kwana bakwai ba ɗaukewa. Ya shiga ɗakuna, ya kashe kowane murhu, har na gidan sarki. Da aka ɗauke, ga gero cike da rumbuna amma ba wutar dafawa. Yara suna gwagwiyar ɗanyen tsaki suna kuka. Sai wani ya ɗaga kai ya hango hayaƙi siriri yana tashi a kan jigawa. Kwana biyu suna kallon hayaƙin nan, kunya ta hana su motsi. A na uku yunwa ta fi ƙarfin kunya, suka jeru, sarki a gaba, kowa da kaskonsa. Matar ta fito bakin bukkarta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe baki ta ce...

Nan Iya ta yanke labarin. Ta ɗauki tsinke tana sakace.

"Ta ce me, Iya?"

"Oho. Ni ma iyakar abin da na riƙe ke nan. Labarin Delu ne, ƙarshen yana wajenta."

Muka yi magiya, muka yi fushi, na ce ba zan ƙara taɓa mata ƙafa ba. Ta ce in bar ta, ai ba a kaina ta fara tsufa ba. Washegari muka taru, ta sake kawo labarin daga farko, ta tsaya daidai inda ta tsaya jiya. Rana ta uku ma haka. Ranar na tsani Iya sosai, na kwanta ina ƙirƙiro wa matar jigawa amsoshi, ba wadda ta gamsar da ni.

A rana ta huɗu, muna zaune, Iya ta ɗauki buta ta tuttule ruwan a kan wutarta. Ta ce, "Ayya, wutata ta mutu." Ta ɗauki kasko ta nufi zaure. Ta kuma zaɓi lokacinta, don daidai sa'ar da maza ke dawowa daga masallaci ne. Mahaifina ya tare ta a bakin ƙofa.

"Iya, ina zuwa?"

"Ɗiban wuta."

"Ga ashana a aljihuna. Don Allah Iya ki rufa mana asiri, a garin nan muke zaune."

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, ranar da na haife ka, matar nan ce ta dafa ruwan da aka wanke ka. Da cin mutane take, da kai ta fara, lokacin kana da taushi. Matsa min."

Ya matsa. Ta fita tana ɗingishi, ta yi wa mazan da suka yi cirko-cirko a hanya sannu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, don kada wani ya ce bai gan ta ba. Mu yara muka bi ta daga nesa. Tsoro nake ji ƙwarai, amma son jin ƙarshen labarin ya fi tsoron.

Iya ta yi sallama da ƙarfi. Sai da ta yi sau uku kafin Inna Delu ta leƙo, ta rame, muryarta ta dishe don rashin magana. Ta zuba garwashi a kasko. Maimakon Iya ta juyo, sai ta ajiye kaskon a ƙofar gidan, ta ɗora kara a kai, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Delu, yaran nan sun hana ni sakat. Ƙarshen labarin nan naki suke so. Bari in tuna miki farkonsa."

Ta zayyano shi kaf, da muryar da har mazan da ke tsaye suna ji. Da ta kai inda matar ta buɗe baki, sai ta tsaya nan, ta dubi Inna Delu. Mu ma muka dube ta.

Can Inna Delu ta share fuska da gefen zaninta ta ce, "Cewa ta yi, wuta kam ga ta nan, ba ta hana kowa ba. Amma ba za ta zuba a kasko a tafi a bar ta ba. Mai so ya hawo da tukunyarsa ya girka a nan." Muryarta ta ƙara ƙarfi. "Ta ce ita ba inda za ta. Kuma ba ta sauko ba. Garin ne ya hau."

"Kazar fa?" in ji wani ƙanena.

"Kazar ta ci gaba da cararta, ba wanda ya mutu."

Iya ta yi dariya har da tari. Inna Delu ta shiga ta fito da gyaɗa, ta zuba a toka. Da ta miƙo, yaran duk suka noƙe, Iya ta zuba min ido. Na karɓa na ci, na zauna ina jiran mutuwa. Da na ga shiru, na miƙa hannu a ƙara min.

Daga ranar tatsuniya ta tashi daga gidanmu ta koma ƙofar Inna Delu. Iya ta fara, Inna Delu ta ƙarasa. An doki wasunmu a gida, sun dawo. Iyaye mata suka riƙa zuwa wai kama 'ya'yansu, su tsaya a tsaye suna harara, daga baya su ce ƙafarsu ta gaji su zauna. Ranar da aka gama yankan gero ɗan aiken mai unguwa ya zo, ya tarar da ƙofar cike, har da matar mai unguwar a ciki tana ɓare gyaɗa. Iya ta ce masa, "Ka gaida shi. Ka ce labarin da muke yi bai ƙare ba, in ya ƙare za mu aiko." Ba mu taɓa aikawa ba, shi ma bai sake tambaya ba. Ba kowa ne ya sauko ba, kada in yi ƙarya. Uwar yaron da ya rasu ba ta ƙara gaida Inna Delu ba har ta bar duniya, kuma ban iya ganin laifinta ba.

Sai bayan na yi aure, Iya ta rasu, na tambayi Inna Delu a ina ta koyi labarin matar jigawa. Ta ce, "'Yar nan, wallahi ban taɓa jin sa ba sai a bakin kakarki a ƙofata. Ta tsayar da ni a gaban mutane ta ce in yi magana, ni kuma na faɗi abin da ke raina."

Yanzu a Gumel nake. Mu mata goma sha biyu ne muke wasan kwaikwayo, muna hawa babur mu bi ƙauyuka har Maigatari da Sule Tankarkar, kuma ba ma shimfiɗa tabarmarmu a ƙofar mai gari. Muna tambaya wace ce aka daina shiga gidanta, a can muke zama. Kwanan baya, a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha, wata ce da ta sha maganin tarin fuka ta warke sarai, amma har yanzu in ta taɓa famfo sai an wanke. Muka yi wasanmu a ƙofarta, muka yanke shi a tsakiya, muka ce ƙarshen yana wajenta. Wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce wa ya ba mu izini. Na durƙusa na gaishe shi da kyau, na ce, "Baba, ɗiban wuta muka zo." Ban tashi daga wurin ba sai da matar ta yi magana, na kuma sha ruwa a kofinta kowa yana kallo.

Ana ce mana marasa kunya, ana ce mana masu neman suna. Su faɗa. Na ga abin da zama a ƙofar mutum yake yi, da idona na gani. Inna Delu ba ta tsallaka iyaka ba. A Ɗanzomo ta tsufa, a Ɗanzomo aka binne ta, taku kaɗan daga kabarin Iya. Mazan da suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararta kuwa na san su duka, yaran nan ne da aka ja wa kunne kada su bi ta ƙofarta.