Yayen da Ya Karye a Sama

A wani ƙauye bayan Shanono, inda gonar wannan ke iyaka da dangar wancan, idan yaro ya isa yaye ba a dogon tunani, gidan Inna Roda ake nufa. Ita ba unguwarzoma ba ce, ba kuma mai magani ba, baya kawai Allah ya ba ta. Uwa za ta kawo ɗanta da safe, ta shafa wa nononta ruwan shuwaka ya ɗanɗani ɗaci, ta sulale ta bar gidan. Inna Roda ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da zane da majanyi, ta kama surfenta. Yaro ya yi kuka har ya gaji, ya yi barci, ya farka ya tarar da kunun gyaɗa. 'Ya'yan masu zuwa coci da na masu zuwa masallaci da na masu bin addinin kaka da kakanni, duk sun hau wannan baya. Dokarta guda ce: in an fara, ba a komawa nono, domin yaron da aka mayar wa ya gane kuka na biya.

Aibinta, in aibi ne, tambaya. Mijinta, marigayi Shago, ya sha cewa ranar da Roda ta shiga aljanna sai ta tsayar da mala'ika ta ji wa ya ɗinka masa riga. Ita kuwa takan ce matambayi ba ya ɓata. Tun tana budurwa, in jirgi ya gifta tana noma sai ta dafa fartanya ta bi shi da ido. Da maƙwabciyarta Kaltume ta dawo daga Makka, mutane na tambayar zamzam da dabino, ita abin da ta tambaya shi ne a ina ake ajiye masu goyo a cikin jirgi. Kaltume ta ce ita dai tsoro bai bar ta ta duba ba.

Duk yaran da ta yaye na wasu ne. Ɗanta namiji guda ne, Nathan, yana aiki a Legas, shi da matarsa Glory. Ɗansu Lazarus ya kusa shekara biyu bai taɓa taka ƙasar gida ba, kakarsa a waya kawai ta san muryarsa. Abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. So take angon nata, kamar yadda take kiransa, ya yi damina guda a wajenta, ya ci ɗanyar gyaɗa, bakinsa ya buɗe da Hausa. Ta san in yayen nan ya wuce ta, makaranta za ta karɓe shi, sai dai ta riƙa ganinsa a Kirsimeti kamar baƙo. Da ƙyar Glory ta yarda a ba ta shi yaye. Inna Roda ta bi mota har Legas, amma Nathan ya ce ɗansa ba zai sha wahalar wannan hanya ba, a jirgi za su koma, Glory ta raka su Kano ta juyo.

Da safen tafiyar aka shafa shuwaka, Lazarus ya tofar, aka saɓa shi a baya. Haka Inna Roda ta ratsa filin jirgi da goyonta, tana kallon masu tura 'ya'yansu a keke kamar kayan miya, tana tambayar Glory ko ba sa tsoron keken ya gangara. Da suka shiga ciki ta ga kujeru reras irin na motar haya, sai ta zauna a bakin kujera ta bar wa goyo wuri, yadda ta saba yi a motar Kano.

Wata ma'aikaciyar jirgi ta zo da murmushi ta yi Turanci.

"Inna, ta ce a sauke shi," in ji Glory. "A cinya ake riƙe yaro."

"A cinya? To bayan nawa me ya yi?"

"Doka ce, Inna. In jirgi ya girgiza za ki danne shi."

Ma'aikaciyar ta miƙo wani ɗan ɗamara, ta saƙala shi a jikin ɗamarar kujerar Inna Roda, ta zagaya cikin yaron ta ɗaure. Tsohuwa ta jujjuya ƙarfen ɗamarar, ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Ashe su ma da majanyinsu," ta ce. "Gani ya kori ji. Sai dai sun ɗaura shi ta gaba."

Ta so Glory ta koma can baya don kada yaro ya ji ƙamshin nono, aka ce kowace kujera da mai ita. Dole ta sa Glory ta rufe ƙirji da mayafi ta juya musu baya.

Jirgi ya tashi. Inna Roda ba ta ji tsoro ba, ba ta ma sami sarari ba. Ta manna goshi a taga tana kallon rufin gidaje na ƙanƙancewa, sannan gajimare ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu kamar an shanya kaɗa. Ta tambayi Glory a wane ɓangarensa ruwan sama yake kwana, ta tambaya ko direban yana ganin hanya. Lazarus ya ɗan yi rigima, ta ba shi kunu a gora, ya sha kaɗan ya yi barci a ƙirjinta. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta fara tunanin wace kaza za ta yanka masa.

Da aka fara sauka kunnuwanta suka toshe kamar ta nutsa a rafi. Kafin ta tambayi dalili, yaron ya farka da ihu. Ta jijjiga shi, ya sandare. Ta kai masa gora, ya ture. Ta yi masa waƙar da ta kwantar da rabin ƙauyensu, bai ma ji ta ba.

"Kunnensa ne, Inna," Glory ta ce ba ta juyo ba. "Likita ya ce in yaro yana tsotso yakan buɗe."

Inna Roda ta san wannan kuka. Ta ji shi a bayan wuyanta shekara da shekaru, ta yi surfe da shi, ta yi tankaɗe da shi. Amma yau ɗamara ta ɗaure mata shi a gabanta, babu inda za ta kai idonta. Leɓensa na ƙasa na karkarwa, jijiyar goshinsa ta tashi, hannu ɗaya na jan kunne, ɗayan a miƙe wajen bayan uwarsa. Yana duban kakarsa, yana duban mayafin, kamar yana son a gaya masa laifin da ya yi. Tausayi ya kama ta.

Ta san abin da za ta rasa. Ta ɓalle ƙarfen da kanta.

"Karɓe shi, ki ba shi."

"Inna, yayen fa?"

"Na ce ki karɓe shi, 'yar nan."

Sauran ɗacin shuwaka bai hana shi ba. Ya kama, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru. Glory na ta share hawaye da gefen mayafi. Inna Roda ta mayar da fuska taga, ga gonakin Kano sun fito kore shar, ba ta tambayi komai ba har tayoyi suka taɓa ƙasa.

A Kano Glory ta ce ko a sake gwadawa gobe. Tsohuwa ta ce a'a, dokar ba ta canza don jikanta ne ba, Glory ta koma da shi ta yaye shi a hankali yadda ta ga dama. Ta sumbaci tafin ƙafarsa, ta ninke majanyinta ta sa a jaka, ta nemi motar Shanono.

Da la'asar ta iso gida. Kaltume na bakin ƙofa, ta dama kunu ta rufe da faifai tana jiran baƙo. Ta leƙa bayan Roda ta ga wayam.

"Ina angon?"

"Yana wajen uwarsa."

Inna Roda ta zauna a kan turmi, ta kwance ɗankwali. Ta dubi maƙwabciyarta.

"Kaltume, ke da kike ganin bayana duk shekarun nan. In suna wannan kukan, haka fuskarsu take yi?"

Kaltume ta ajiye ƙwaryar kunun a ƙasa.

"Haka take yi, Roda. Shi ya sa muke guduwa mu bar miki su."