Dusar Alkama, Mudu Ɗaya

Dattijon yana tsaye a ƙofar injin niƙa, rigarsa ta sha guga, alƙalami a aljihun gaba. Da ganinsa ka ga wanda ya yi shekaru ana miƙe masa a ofis. Amma rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, irin ramar masu ciwon suga. Farin kwano ne a hannunsa, sai ɓoye shi yake a baya.

Sai da mata suka watse sannan ya matso.

"Dusar alkama nake so, mudu ɗaya."

"Ɗaya kacal, Baba?" in ji mai injin. "Akuyar taka rage ƙiba take yi?"

Dattijon ya yi murmushin yaƙe. "Ƙarama ce."

Wataƙila likita ne ya ce a riƙa cuɗa dusa a ƙullun burodin da ake gasa masa a gida, don sugan ya daina hawa. Shi kuwa tun tasowarsa ya san dusa abincin dabbobi ce.

Mai injin ya ɗauki tsintsiya yana tattaro ta ƙasa, wadda ta sha yashi da sawun takalma, don ita ake sayar wa masu kiwo. Mai tsabtar tana cikin buhu a kan benci.

Dattijon yana kallon tsintsiyar, yana kallon buhun. Ya waiga ko akwai mai ji, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, ajiye tsintsiyar. Auna mini ta buhun. Ni zan ci."