Sallamar Mma a silima

'Yan mata, ku ajiye komai ku ji yadda amsa sallama ta tona min asiri yau!

Kun san Mma, mahaifiyata, ta hana ni zuwa silima, wai wurin 'yan iska ne. To yau na ce mata zan je Kanda gaisuwar Sallah gidan Anti Rabi. Ita ma ta ce za ta Sabon Zongo duba mara lafiya. Tana fita na hau motar haya, trotro, sai silima, kallon sabon fim ɗin Sallar nan.

An kashe fitila, fim ya fara, ina cin gugguruna. Sai aka buɗe ƙofa, wata mata ta shigo cikin duhu ta ɗaga murya: "Salamu alaikum!"

Wa ke sallama a silima? Kowa ya yi tsit. Ni kuwa bakina bai yi shawara da ni ba, na amsa da ƙarfi: "Wa alaikumus salam!"

Matar ta tsaya cak. "Samira?"

Chale! Mma ce! Da sabon leshinta, ga ƙawarta Hajiya Lami a bayanta!

Mma ta lalubo har kujerata. "Nan ne Kanda?"

Na ce, "Mma, ya mai jikin na Sabon Zongo?"

Hajiya Lami ta fashe da dariya har wani ya ce mu yi shiru. Mma ta zauna kusa da ni, ta zura hannu cikin gugguruna.

"Ya samu sauƙi. Maza gaya min abin da ya wuce ni. Kuma kada Babanku ya ji."