Sake da Takwas

Jiya 'yata ta kawo mini aikin makaranta: idan buhu ya ishi mutum tara wata biyu, mutum takwas fa? Ina karantawa gabana ya faɗi.

A shekarar da aka yi fari, ina ƙaramar sakandare, kakarmu da muke kira Iya ta kira ni bakin rumbu. Hannunta duk ƙaiƙayi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗan boko, ga abin da ya rage. Mayar mini da dami kwano, kwanon ka mayar da shi kwana. Zai kai mu sabon gero?"

Na zana a ƙasa da tsinke. Mu tara ne a gidan.

"Iya, ba zai kai ba."

"Sake da takwas."

Na dubi ƙannena suna wasa a tsakar gida. Wa za a cire? Na kasa tambaya. Da takwas ya kai, da ƙyar.

Tun daga ranar kullum sai ta ce azumi take. Da magariba sai ta kurɓi ruwan tsamiya, ta turo mana akushinta. Mun ci sabon gero, ita ba ta gan shi ba.

Iya, Allah ya ciyar da ke inda ba a awo.